Shingen Bakin Layinmu

Na tashi a wani layi a Jimeta, can bayan Limawa, layin da baki ɗaya gare shi na shiga, ɗaya bakin kuwa wata babbar kwata ce ta toshe shi. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da gidan wani dattijo da kowa ke kira Ticha. Mahaifina haifaffen cikin Yola ne, aiki ya kawo shi Jimeta, ya yi akawu a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Mu 'ya'yansa Baaba muke ce masa, mahaifiyarmu kuma Daada, kamar yadda ake yi a gidajen Fulani. Ticha Kirista ne, ɗan wani ƙauye a kudancin jihar. Darasin gwamnati ya koyar a sakandare har ya ajiye alli. Ni ma na zauna a ajinsa, kuma shi ya sa min sha'awar koyarwa har na zama malamin firamare.

Tun ina yaro na san su biyun nan da gardama. Da an idar da sallar la'asar Baaba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Ticha ya fito da kujerarsa ta roba da rediyo, a saurari labarai, sannan a fara.

Baaba mutum ne mai son tsari. A wurinsa hukuma ko wace iri ce ta fi babu. Yakan ba da labarin zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta da, lokacin da dogari ɗaya, ba bindiga ba komai sai jar riga, zai tafi ƙauye mai nisa ya ce da mutum ana nemansa, mutumin ya ajiye fartanya ya biyo shi. Ya ce ɗan Adam in ba wani a samansa, maƙwabcinsa zai fara ci.

Ticha sai ya gyara zaman tabarau. Hausar Jimeta gare shi, wadda ba ruwanta da namiji ko mace. Ya ce, "Alhaji, na ji. To wanda yake saman ɗin, waye a samansa? Gwamnati ba uban kowa ba ne. Ɗan aiki ne muka ɗauka. In ka ba ɗan aiki sanda, dole ka gaya masa inda sandan zai tsaya."

Akwai abin da ya faru da Ticha a zamanin soja wanda bai taɓa hucewa ba. Ya makara zuwa makaranta wata safiya saboda matarsa ba lafiya, ya tarar da sojoji a bakin get. Suka sa shi tsallen kwaɗo da sauran malaman da suka makara, ɗalibai na kallo ta taga. Duk lokacin da labarin ya taso Baaba yakan ce, "Ba su kyauta ba. Amma ka faɗi gaskiya, daga ranar akwai malamin da ya sake makara?" Ticha ya ce, "Babu. Kuma daga ranar babu yaron da ya sake tashi tsaye in na shiga aji, sai in ya ga dama."

Haka suke har a kira magariba. Ba su taɓa shawo kan juna ba, ba su kuma taɓa ɓatawa ba. Ranar Sallah akushi ke tsallaka katanga daga wajenmu, ranar Kirsimeti ya tsallako daga wajensu, kuma kajin Kirsimetin nan Baaba ne ke yanka musu don mu ma mu ci.

Na riga na yi aure ina zaune a sashena cikin gidan lokacin da 'yan bindiga suka fara cin garuruwan da ke arewa da mu. Mutane suka riƙa tsallako gadar Binuwai, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa, da katifa a ka, da yara a kafaɗa. Makarantarmu ma sai da aka zuba wasu a cikin azuzuwa. Daga baya bam ya fara tashi a cikin Jimeta kanta, a wuraren da muke zuwa kullum. Tsoro ya shiga gari. Mutum ya ajiye leda a gefenka sai ka ji gabanka ya faɗi.

Jauro, wato mai unguwarmu, ya tara maza a ƙofar gidansa. Aka ce 'yan sanda ba su isa su tsare kowane lungu ba, kowa ya tsare nasa. Aka yanke shawarar a sa ganguna cike da yashi a bakin layi, a gitta ƙarfe, samarin unguwa su riƙa duba mai shiga. Aka ce ana son dattijo mai gaskiya ya shugabanci kwamitin, kowa ya juya ya dubi Baaba.

Ticha ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ya ce ba ya ƙin tsaro, shi ma yana da rai. Amma yana son a gaya masa abin da yaran nan za su iya yi da abin da ba za su iya yi ba, da wanda za a kai wa ƙara in sun yi ba daidai ba, da kuma ranar da za a cire gangunan.

Aka yi dariya. Wani ya ce Ticha har yanzu yana zaton a aji yake. Baaba ya tsawatar, sannan ya ba shi amsa cikin natsuwa. Ya ce, "Yaranmu ne, Ticha. A gabanmu aka haife su. Wanda ya yi ba daidai ba, ni zan ja masa kunne. Ganguna kuwa, ranar da lafiya ta dawo da hannuna zan ture su."

Ticha ya ce, "Allah ya sa su tambaye ka."

Da farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Satar awaki ta tsaya. Masu shaye-shaye da ke taruwa a bakin kwata suka watse. Matata ta daina firgita in an buga ƙofa. Ni kaina nakan ji sanyi a raina in na dawo daga makaranta na hango gangunan. Baaba yana tafe yana kallon layin kamar manomin da gonarsa ta yi kyau.

Shugaban samarin wani ɗan layinmu ne da ke achaba kafin a hana babura a gari, ya dawo ba shi da abin yi. Yaro ne mai kuzari, mai gaisuwa. Shi ya sa wa kansa suna Kwamanda, mutane suka kama da wasa, daga baya ya zama ba wasa ba. Wani ɗan kasuwa ya saya musu usur da riguna masu ƙyalli. Ba a jima ba suka sa lokacin rufe layi. Sannan suka ce baƙo ba zai shiga ba sai mai masaukinsa ya fito ya karɓe shi. Sannan suka fara aske wa yara kai in askinsu bai yi musu ba. Mata da miji suka yi faɗa, sai ka ji an kai maganar bakin shinge maimakon gidan Jauro. Wata rana suka zane wani yaro da bulala kan ya ɗauki caja a shago. Baaba ya kira Kwamanda ya yi masa faɗa, ya durƙusa har ƙasa ya ce ba za a sake ba. Da aiki ya yi musu yawa Kwamanda ya kawo wasu samari daga wata unguwa, waɗanda ba su san mu ba, mu ma ba mu san iyayensu ba.

Ticha bai taɓa ƙin tsayawa a duba shi ba. Zai ɗaga hannuwa sama, ya ce, "Da izinin wa?" Su yi dariya su ce, "Da izinin jama'a, Baba Ticha." Ya wuce yana girgiza kai.

A cikin kwanakin nan ne Ticha ya je tasha ya ga wani mutum zaune a ƙasa da matarsa da yara ƙanana, ba su san inda za su nufa ba. Musulmi ne, tela, daga ɗaya daga garuruwan da aka ci. Ticha ya ɗauko su ya ba su ɗakin ɗansa da ke aiki a Legas. Da aka fara ƙananan maganganu a layi cewa ba a san asalin mutumin ba, Baaba ya ce shi ya tsaya masa, magana ta mutu. Telan mutum ne mai sanyi, ga in'ina. In ya ruɗe kalma takan maƙale masa har sai ya runtse ido. Sahu ɗaya muke sallah da shi. Keken ɗinkinsa ya baro a gida lokacin gudu, don haka dako yake yi a kasuwa, yana ta cigiyar wanda zai ara masa keke.

Ya samu. Wani ɗan garinsu da ke cikin Yola ya ara masa kan keke, ba ƙafa, ya naɗe a tsohon zane ya sa a buhu. Ranar da ya ɗauko shi ba a daɗe da tashin wani bam a gari ba, ba a ma gama zaman makokin waɗanda suka mutu ba. Rana ce mai zafi irin na Yola, wanda ke sa kwalta laushi. Na dawo daga makaranta ina cin abinci sai na ji ihu daga bakin layi.

Abin da ya faru kafin mu fito, daga baya na ji shi a bakin mai shagon da ke kusa da shingen. Sababbin samarin nan ne a bakin aiki, ba su san telan ba. Suka ce ya tsaya daga nesa ya jefar da buhun. Shi kuwa kayan aro ne, ya ƙi jefarwa, ya fara sauke shi a hankali. Suka tambaye shi mene ne a ciki, kalma ta maƙale. Buhun ya taɓa ƙasa, ƙarfe ya yi ƙara. Wani ya ce, "Bam!" Kowa ya watse. Telan ma ya ruɗe ya sheƙa a guje ya nufi gidan Ticha. Da mutane suka ga ba abin da ya fashe, suka juyo, suka ga mutum yana gudu.

A tsakiyar layi suka cim masa. Lokacin da na fito ban ma gan shi ba, bayan mutane kawai nake gani, da hannuwa suna ɗagawa suna sauka. Akwai samarin shinge, akwai kuma mutanen layinmu, waɗanda na sani tun ina yaro. Baaba ya fito da 'yar shara, ba hula, abin da ban taɓa gani ba. Yana ɗaga hannu yana cewa, "Ku bari! Na ce ku bari! Baƙona ne!" Da Hausa ya faɗa, ya faɗa da Fillanci. Muryar da in ta tashi a da layin kan yi tsit, ranar ko waiwaye ba wanda ya yi. Ya kama hannun Kwamanda, wanda ya iso yana hura usur da gora a hannu. Kwamanda ya san telan sarai, amma idonsa ya rufe. Ya fizge hannunsa ya ce, "Baaba, matsa gefe, wannan aikin tsaro ne." Wani ya bangaji Baaba ya faɗi zaune a cikin rairayi.

Ina ƙoƙarin ɗaga shi na ga Ticha ya kutsa ta ƙarƙashin hannuwan mutane ya kwanta a kan telan. Tsoho ne, ba shi da nauyin kirki. Wani katako da aka riga aka ɗaga ya sauka a ƙugunsa. Na ji ƙarar da ya yi.

Mata ne suka tsayar da abin. Daada da matar Ticha, wadda muke kira Mama, suka tafi bakin shinge inda aka bar buhun ba mai kusantarsa, suka kwance shi, suka kinkimo kan keken su biyu suka dire a gaban mutane. Daada ta ce, "Ga bam ɗinku." Sai hannuwa suka fara sauka. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa, har ya rage daga mu sai su biyun a kwance, da matar telan da ta fito tana ta kiran sunansa.

A keke mai ƙafa uku muka kai su asibiti. Telan ya cika washegari da hantsi. Ticha kuwa ƙashin ƙugunsa ya karye, likita ya ce a shekarunsa da wuya ya sake tafiya ba sanda. A ƙofar gidanmu aka yi wa telan sallah. Da aka ɗauki makara na ga wasu daga cikin waɗanda suka doke shi suna rige-rigen sa kafaɗa. Ban san abin da ke ransu ba. Wataƙila nadama ce, wataƙila kuma don kada a ce ba su zo ba.

Bayan an share makoki Baaba ya sa babbar rigarsa da hula, ya ce in raka shi wurin 'yan sanda. A hanya yana gaya min cewa abin da ya faru ya faru ne don an bar yara da aikin manya, yanzu hukuma ta gaskiya za ta karɓi maganar. Jami'in da muka samu ya karɓe mu da mutunci, ya ba Baaba kujera, ya saurare shi har ƙarshe. Aka kama Kwamanda da wasu samari. Amma ba su daɗe ba. Mutanen layi suka yi ta sintiri, da ɗan kasuwan nan, da wani ɗan siyasa, suna cewa kuskure ne aka yi a bakin aiki. Da aka nemi shaidu, kowa ya ce yana cikin gida lokacin. Maganarmu ni da Baaba da matan gida aka ce ta 'yan gida ɗaya ce. Da muka koma, jami'in ya ce, "Baba, ka ga halin da gari yake ciki. In muka rufe yaran nan, gobe wa zai yarda ya tsaya a bakin layi? Mu ba mu da yawan da za mu tsaya muku. A yi haƙuri, a bar wa Allah."

Muka kamo hanyar gida. Kwamanda na bakin shinge, ya ɗaga mana ƙarfe da kansa, ya rusuna ya ce, "Sannu da dawowa, Baaba."

Sai Baaba ya sa Jauro ya kira taro, ya ce shi ya kafa shingen nan kuma yana so a cire shi. An sallamo Ticha a lokacin, ya ce sai an kai shi. A kan kujera muka ɗauko shi. Shi ne ya dage cewa kada dattawa su yanke hukunci su kaɗai, a kira kowa har da mata, a ɗaga hannu a ƙirga, abin da mafi yawa suka zaɓa shi ke nan. Haka ya koyar da mu a aji, haka kuma ya yi imani.

Baaba ya yi magana, Ticha ya yi magana. Ticha ya ce an kashe mutum a gaban ƙofofinmu ba tare da an tambaye shi ko sunansa ba, kuma wanda ya yi wannan yau ba abin da zai hana shi gobe. Na ɗauka mutane sun karɓa.

Sai wata mata ta miƙe daga bayan taro. Bazawara ce, tana sayar da ƙosai a bakin layi. Ɗanta na fari yana cikin waɗanda bam ya kashe, ya je sayo mata wake bai dawo ba. Ta ce, "Baaba, Baba Ticha, ku gafarce ni, ni ban yi boko ba. Telan nan na yi masa kuka, Allah ya sani. Amma ni abin da aka ba ni na binne bai cika zane ba. Da akwai shinge a inda ɗana ya je, da wanda ya shigo da abin nan bai wuce ba. Saura biyu gare ni. In kun cire gangunan nan, waye a cikinku zai ce min ya ɗauki nauyin ransu?"

Aka ce masu son a cire su ɗaga hannu. Baaba ya ɗaga, da Ticha, da Mama, da Daada, da ni, da wasu 'yan tsiraru. Aka ce masu son a bari. Ba a ma tsaya ƙirgawa ba. Baaba ya ce to shi ya sauka daga shugabanci. Ba wanda ya roƙe shi ya zauna. A take aka naɗa ɗan kasuwan nan.

Tun daga lokacin zaman ƙofar gida ya mutu. Ticha ba ya iya fitowa, sai Baaba ya riƙa shiga wurinsa bayan la'asar. Wata rana na raka shi da kwanon kunun gyaɗa da Daada ta dama. Ticha na kwance, ya rame, tabaransa a gefen filo. Can Baaba ya ce, "Ticha, kai ka yi gaskiya. Ka tambaye ni inda sanda za ta tsaya, na ce ni zan tsayar da ita."

Ticha ya ce, "A'a, Alhaji, kar ka ba ni abin da ban ci ba. Ni na ce a tambayi jama'a. An tambaye su. Ka ji abin da suka ce."

Ya yi tari, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Ya ci gaba. Ya ce duk shekarun da ya yi yana koyarwa, gwamnati yake nuna wa yara su yi hattara da ita, soja da ɗan sanda da mai mulki. Bai taɓa tsayawa a gaban allo ya ce su yi hattara da kansu in sun taru suna jin tsoro ba. Ya ce, "Wanda ya karya ni, na koyar da babansa. Kuma matan nan mai ƙosai, har yau ina neman amsan da zan ba shi, ban samu ba. In mutum yana tsoro, 'yanci ba ya gabansa. Zai ba ka shi da hannu biyu, har da na maƙwabcinsa."

Baaba ya ce shi kuma abin da ke hana shi barci daban ne. Duk rayuwarsa ya ɗauka girman hukuma a jikin mai riƙe da ita yake. Sai ranar da ya faɗi a rairayi ya gane mutane ne ke ara maka shi, kuma ranar da suka ga wanda ya fi ka amfani a wurinsu za su karɓe ba sallama. Ya ce, "Da na ce kowace hukuma ta fi babu, ban san wata hukumar da hannunka za ka yi ta, ta juyo ta ce ka matsa gefe ba."

Na zauna ina jiran ɗayansu ya kawo mafita, kamar yadda na saba ji tun ina yaro kowa na cewa tasa hanyar ce daidai. Ba wanda ya kawo. Aka kira magariba, Baaba ya miƙe ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Ticha ya ce amin.

Da damina ta wuce 'ya'yan Ticha suka zo suka ce ba za su bar iyayensu a layin ba. Suka sayar da gidan, suka kama musu wani a Sangere kusa da 'yarsu da ke aiki a jami'a. Ba su kaɗai ba ne. A shekarun nan Kiristocin layinmu suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna komawa inda 'yan'uwansu suka fi yawa, Musulmin wasu unguwanni kuma suna dawowa irin namu. Ba wanda ya kori kowa. Kowa dai ya ga ya fi masa kwanciyar hankali.

Sau ɗaya na kai Baaba Sangere. Suka yi murna da ganin juna, suka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar magani da wanda ya mutu da wanda ya rage. Ko sau ɗaya ba su ambaci gwamnati ba. Ticha ya rasu bayan haka ba da jimawa ba, aka kai shi ƙauyensu. Baaba ba shi da lafiyar tafiya, ni na wakilce shi. Shi ma bai daɗe ba ya bi.

Lafiya ta dawo gari daidai gwargwado. Kwamanda ya shiga hidimar 'yan siyasa, ya yi mota, in ana rabon taki ko shinkafa ta hannunsa ake bi, don haka kowa na gaishe shi. Ni na samu canjin makaranta na koma cikin Yola da iyalina, na ɗauki Daada.

Matar telan ba ta koma garinsu ba, ta ce ba wanda ya rage mata a can. Wasu danginta da ke noma a Namtari suka ɗauke ta da yaran. Kafin Baaba ya rasu ya bar min wasiyya in riƙa leƙa su, nakan kuwa je in an yi girbi ko in Sallah ta matso. Tana aikatau a gonakin mutane, tana ɗan shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Ta tsufa fiye da shekarunta.

A wani zuwa da na yi na gaya mata cewa na haɗu da wani lauya cikin masu taimakon waɗanda rikicin ya shafa, ya ce in ta yarda za a iya tayar da maganar mijinta, ba sai ta biya komai ba. Tana tsinke yakuwa a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ƙarar wa zan kai? Ina tsaye a wurin. Layin ne gaba ɗaya. Wadda ta ba ni zanen da na rufe shi da shi, mijinta na cikinsu." Ta ce yaran sun fara sabawa da nan, babban ya shiga makaranta, ba ta son a sake kiran sunan ubansu a gaban mutane ana tambaya ko me ke cikin buhunsa.

Ban matsa mata ba. Da na tashi tafiya ta ƙulle min kuɓewa a leda ta ce in kai wa Daada, in ce tana gaishe ta, kuma in Allah ya kai mu kaka za ta shigo Yola ta duba ta.